BABI NA HUƊU: TARKEN DOKOKIN KARE LAFIYAR MA'AIKATA A ƘASAR ƘAURA NAMODA, SHINKAFI DA ZURMI

4.1 Gabatarwa

Wannan babi zai yi tarken dokoki biyu da suka shafi lafiyar ma'aikaci a Nijeriya, wato Dokar Masana'antu ta 1987 da Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010. Ma'aunin da aka ɗora su a kai guda ɗaya ne: shin sun isa ga mai neman abinci a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, shi da iyalinsa?

4.2 Inda Dokokin Suka Yi Armashi

Dokar 1987 ta wajabta yi wa masana'anta rajista, da killace sassan inji masu haɗari, da samar da iska da haske da ruwan sha da kayan taimakon gaggawa. Haka kuma ta ba sufetoci ikon shiga su duba. Ita kuwa dokar 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, don biyan wanda ya ji rauni ko magadan wanda ya rasu. Wani abin yabo shi ne ta lissafa ɗan koyo da ɗan ƙwadago, har da wanda aka ɗauka aiki da baki ba tare da takarda ba.

4.3 Inda Suka Gaza

Rauni na farko shi ne yadda dokokin suka ɗauki ma'anar wurin aiki. Tanade-tanaden dokar 1987 sun fi dacewa da gini mai katanga da ƙofa da manaja, irin na Bompai a Kano. To amma tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, tattalin arzikin yankin ya ginu ne a kan noma da fatauci da ƙananan sana'o'i. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai gyaran batir, da ɗan dako a kasuwar Shinkafi, da mai feshin maganin ƙwari a gonakin Zurmi, akasarinsu a rumfa ko zaure ko fili suke aiki. Da yawa ma a cikin gida ake yin sana'ar, tare da mata da yara.

Abin da ya auku a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ya isa misali. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar da yara suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya nuna cewa duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ƙunshe da dalma mai yawa. Ana kawo su gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 ne suka rasu, kuma sai a 2013 aka share gubar daga Bagega. A nan ba ma'aikacin ne ya fi jin jiki ba, ɗansa ne. Dokar 2010 kuwa tana tuna iyali ne a matsayin magada, bayan ma'aikaci ya rasu. Yaron da sana'ar ubansa ta halaka alhali uban yana raye ba ya cikin lissafinta. Duk wanda ke narka batir ko ajiye maganin feshi a ɗaka a arewacin Zamfara yana kan wannan siraɗi.

Rauni na biyu shi ne hukunci. Tarar da dokar 1987 ta yanka wa wanda sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. A lokacin da aka yi dokar, mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, ke nan tarar ta kai albashin wata 40. Da aka mayar da shi Naira 70,000 a 2024, tarar ta koma abin da bai kai albashin kwana uku ba. Mai inji zai ga biyan tara ya fi sayen kariyar bel araha.

Rauni na uku shi ne nisa. Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe sha'anin ƙwadago da na ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya. Saboda haka ƙaramar hukuma, wadda ita ce ta san kowace rumfa domin tana karɓar kuɗin shiga, ba ta da hurumin sufeto. Bugu da ƙari, da Turanci aka rubuta dokokin, kuma mutum ba ya neman haƙƙin da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ya sa idan inji ya cinye yatsun yaro, sai a ce ƙaddara ce, maigida ya biya kuɗin magani, magana ta mutu.

Hanin haƙar ma'adinai da aka yi a Zamfara a 2019, aka ɗage a ƙarshen 2024, don matsalar tsaro aka yi shi. Bai koya wa kowa hanyar aiki mai tsafta ba.

4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ƙarfafa doka a wannan yanki yana buƙatar abu huɗu. A faɗaɗa ma'anar wurin aiki ta haɗa da gida da rumfa da gona. A sanya iyalin da sana'a ta cutar cikin masu haƙƙin diyya. A ɗaura tara a kan mafi ƙarancin albashi don kada ta tsufa. A kuma fassara dokokin zuwa Hausa, a isar da su ta rediyo da bakin sarakunan sana'a irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa, domin su ne ake jin maganarsu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Babi na biyar zai kawo taƙaitawa da shawarwarin binciken gaba ɗaya.