Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Bigil da labarin Nasarawa Amazons

Fim: Bigil (2019)
Darakta: Atlee
'Yan wasa: Vijay, Nayanthara, Jackie Shroff
Kiɗa: A. R. Rahman

A wani gidan kallo da ke garin Kura na sake ganin fim ɗin nan, da daddare, bayan manoman rani sun dawo daga gonakin shinkafa da tumatir. Na riga na gan shi a waya, amma kallon waya daban, na cikin jama'a daban, don a cikin jama'a ne kake gane inda fim ya sosa wa mutane. To ga inda ya sosa musu: wurin da jarumi Michael ya tsaya shi kaɗai tilo, ya ƙalubalanci 'yan mata goma sha ɗaya, ya yi ta yanka su yana zura ƙwallo a raga. Ihu da fito sai ka ce rufin kwanon zai yaye. Ka ji fa! Fim ɗin da aka ce an yi shi don ɗaukaka mata 'yan ƙwallo, amma tafin da ya fi ƙarfi a kan kayen da aka yi musu ne. Ni ban ga laifin 'yan kallo ba. Abin da darakta ya dafa musu suka ci.

Ga labarin a taƙaice. Michael, wanda ake wa laƙabi da Bigil, tsohon ɗan ƙwallo ne da ya gaji dabar mahaifinsa Rayappan a birnin Chennai (Vijay ne ya fito a matsayin uban da ɗan). Da aka ji wa abokinsa Kathir rauni, sai ya karɓi aikinsa na horar da ƙungiyar mata ta jihar Tamil Nadu, ya kai ta gasar ƙasa a Delhi.

A gaskiya akwai inda fim ɗin ya burge. Labarin Anitha, wadda wani da ta ƙi ya watsa wa asid a fuska har ta kulle kanta a ɗaki, ya taɓa zuciya. Haka na Gayathri da aure ya raba ta da fili. Waɗannan biyu kaɗai sun isa fim guda. Amma fim ne na kusan awa uku, kuma rabinsa na farko ya tafi a kan sara da suka da soyayyar jarumi. Ko da 'yan matan suka samu shiga, kusan duk ƙullin da ya taso sai Michael ya zo ya kwance. Har Pandiyamma, mai jiki, sai da ya yi mata gorin ƙiba don ya tunzura ta, darakta kuma ya nuna mana hakan a matsayin hikimar koci. Su ne da gudu da faɗuwa, shi ne da suna a fosta.

Ban kawo wannan fim don na yi wa Indiyawa gyara ba. Na kawo shi ne saboda a gidanmu akwai labarin da ya fi shi, kuma ina tsoron ranar da furodusoshinmu za su waiwaye shi, da ma'aunin Bigil za su auna.

Gasar ƙwallon mata ta Nijeriya ta fara ne a 1990, Jegede Babes ta Legas ta fara ɗaukar kofi. Daga nan kofin ya yi ta zagaye a Kudu: Ufuoma Babes ta Warri, Pelican Stars ta Kalaba, Delta Queens, Bayelsa Queens, Rivers Angels ta Fatakwal. Fiye da shekara ashirin bai tsallako Arewa ba. Wadda ta tsallako da shi ita ce Nasarawa Amazons ta Lafiya, ƙungiyar gwamnatin jihar da ita kanta sai a 1996 aka yanko ta daga Filato, wato gasar ma ta girmi jihar. Amazons ta ci kofin a 2013, zamanin Gwamna Tanko Al-Makura. Rivers Angels ta karɓe shi sau uku a jere, sannan Amazons ta sake ƙwato shi a 2017, don kada a ce na farkon katari ne.

Sai kuma ranar da ta fi shafar mu Kanawa. A watan Yulin 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Kano Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, ta ɗauki kofin Aiteo, karo na farko a tarihinta. Wa ya manta? Har a Kura an yi murna. Amma a wannan filin, a wannan ranar, Amazons ta doke Rivers Angels ita ma a bugun fenareti, ta ɗauki na mata. Na tambayi waɗanda muka yi kallo tare, duk sun tuna na Pillars, babu ko mutum ɗaya da ya san da na biyun.

Mai karatu, dubi bambancin. A Bigil ƙungiya ta tashi ne a 'yan kwanaki saboda gwarzo ɗaya ya sauka. A Lafiya shekaru aka ɗauka: gwamnati ta sa kuɗi, an nemo 'yan wasa, an sha doguwar hanya a mota zuwa Asaba da Yenagoa, an ci an kuma sha kashi. Su ma kocinsu namiji ne, Christopher Danjuma, wanda ya daɗe yana horar da su, ya kuma jagoranci Falconets ta 'yan ƙasa da shekara 20. Amma ba shi ke buga fenareti ba. Daga wannan ƙungiyar Anam Imo ta tafi Rosengard ta Suwidin, ita da Amarachi Okoronkwo kuma suna cikin tawagar Super Falcons a gasar duniya ta 2019 a Faransa.

Sunayen nan biyu kuwa sun tona wani abu. Ƙungiyar ta Arewa ce, amma 'yar Bahaushe ba ta cika fitowa a sahun gabanta ba. A nan ainihin fim ɗin yake, in da mai ido. Ba sai an je Lafiya ɗaukar komai ba. Ga Kura da Bunkure, ga ruwan madatsar Tiga yana bin magudanai, ga kore shar a tsakiyar rani. Wane lokeshin ya fi wannan? Ga yarinyar da ke taya uwarta turara shinkafa, wadda ke ɗaukar abin da wani ƙaton ba zai ɗauka ba, kuma a makaranta babu mai kamo ta a tsere. Me uwarta za ta ce ranar da aka ga takalmin ƙwallo a jakarta? Yayanta da ke ihu a gidan kallo fa? Saurayin da ya kawo kayan na-gani-ina-so fa?

Na san abin da furodusa zai ce da ni: "Malam, ka manta da Hukumar Tace Fina-finai? Ka manta da gari?" Ban manta ba, kuma damuwar iyaye a kan sutura da cuɗanya da tafiyar 'ya mace ba abin dariya ba ce. Kuskure ne a mai da uba mugun fim kawai don ya ce a'a. Amma tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta halatta rufe kai a fili, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da hijabinta. Asisat Oshoala, Musulma, wadda ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, ita ma iyayenta ba su so ba da farko. Masana'antar da ta iya sa mace ta yi rawa a gaban kyamara shekara da shekaru, ba za ta ce gudu a fili cikin dogon wando ne ya gagare ta ba.

Shawarata ga duk wanda zai taɓa wannan labari guda uku ce. Kada a ɗauko babban jarumi a ba shi usur a ce shi ne fim. A nemo 'yan matan da suka iya taka leda da gaske, don ɗan kallon Kura yana ganin Firimiya duk mako, ba za a ruɗe shi da yanke-yanken edita ba. Sannan a bar ƙungiyar ta sha kashi, a nuna jiran albashi da motar da ta mutu a hanya, don kofin ya yi daraja idan ya zo.

Bigil ya cancanci kallo saboda Anitha da Gayathri da kiɗan Rahman. Amma in za a kwaikwaya, don Allah kada a kwaikwayi wurin nan na mutum ɗaya da mata goma sha ɗaya. A namu fim ɗin, ranar da gidan kallo zai kaure da ihu, ina so ya zama yarinyar ce ta ci ƙwallon.