Zalika Souley da zuriyar 'yan fim ta Treichville

Tushen fim ɗin ƙasar Nijar yana da jijiya a Treichville, unguwar 'yan ci-rani da ke daf da tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir, wanda ya fito a 1958 da Oumarou Ganda a matsayin lebura mai dakon kaya a bakin ruwa. Da Ganda ya koma Yamai ya zama darakta, wato mai tsara fim da ba da umarni, sai ya dogara ga 'yar wasan fim Zalika Souley, wadda aka haifa a 1947, ta kuma fara fitowa a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, a zamanin da ake ɗaukar fitowar mace a majigi abin kunya ga danginta.

Gwanintarta ta fi bayyana a Le Wazzou polygame, fim ɗin da ya fara lashe babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, inda ta fito a matsayin mace mai zafin kishi, ta riƙe rawar da ƙwarewar da ta sa 'yan kallo suka kasa raba ta da matar labarin, har wasu suka riƙa zaginta a titi. Wannan kuwa yabo ne, ko da yake mai ɗaci. Daga baya ta fito a Petanqui na Kodebuwa a 1983, sannan Rahmatou Keïta ta tattara tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi. Ta rasu a 2021.