BABI NA HUƊU: ZAƁI DA KIƊAN FAƊA A WASAN DELTARUNE

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin feɗe wasan kwamfuta mai suna Deltarune, wanda Ba'amurken nan Toby Fox ya ƙago, ya tsara labarinsa, ya kuma yi masa kiɗa. Wasan yana fitowa ne kashi-kashi: babi na ɗaya ya fito ranar 31 ga Oktoba, 2018, na biyu ranar 17 ga Satumba, 2021, dukkansu kyauta, sannan na uku da na huɗu suka fito tare a watan Yuni, 2025, a kan dala 24.99. Babi bakwai aka tsara masa, nazarin kuwa ya taƙaita ne ga waɗannan huɗu. Wato ke nan ana duban aikin da mai shi bai kai ƙarshensa ba, kamar yadda makaranci kan yanke wa littafin soyayya hukunci alhali kashi na ƙarshe bai shigo kasuwa ba.

4.1 Jigo da Warwararsa

Babban jigon wannan wasa shi ne zaɓi, da kuma tambayar ko wane ne yake da ikon yin sa. Tun kafin labari ya fara, wata murya takan nemi mai wasa ya ƙera wa kansa gangar jiki, ya zaɓi kai da ƙirji da ƙafafu, ya faɗi abincin da halittar take so, ya raɗa mata suna. Da ya gama, sai muryar ta sanar da shi cewa za a yar da abin da ya ƙera, domin a wannan duniya ba mai zaɓen abin da zai zama. Daga nan sai a ɗora shi a kan Kris, ɗan Adam ɗaya tilo a garin dodanni, wanda wata malamar makaranta mai suna Toriel take riƙo. Ba a jima ba kuma sai Susie, fitinanniyar ajinsu, ta maimaita wa Kris irin wannan magana a lokacin da aka aike su ɗauko alli, aiken da ya jefa su cikin Duniyar Duhu.

Nauyin wannan mabuɗi ba zai fito ba sai an tuna da wasan da mawallafin ya fara fitarwa a 2015, wato Undertale, wanda ya yi suna saboda ƙarshen labarinsa yana sauyawa gwargwadon yadda mai wasa ya kashe ko ya yafe. Mutanen da suka zo da wannan tsammani su ne aka fara marin su. Toby Fox da kansa ya bayyana a 2018 cewa sabon wasan ƙarshe ɗaya gare shi.

To sai dai idan aka bi labarin da kyau za a ga cewa maganar muryar ba ita ce matsayar wasan ba. Jar zuciyar da mai wasa yake juyawa a kan allo, wadda take matsayin kurwa, ba ta zauna lafiya da gangar jikin da take ciki ba. A ƙarshen babi na ɗaya Kris yakan cusa hannu a ƙirji, ya fizgo kurwar, ya jefa ta cikin kejin tsuntsu, sannan ya zaro wuƙa. A ƙarshen babi na biyu ma sai da ya sake cire ta kafin ya buɗe maɓuɓɓugar duhu a falon gidansu. Duk wani muhimmin aiki da Kris ya yi da ra'ayin kansa, ya yi shi ne a lokacin da hannun mai wasa ba ya kansa. Saboda haka zaɓi yana nan, amma duk wanda mai wasa ya yi, ƙwace shi ya yi daga wani.

Wannan batu ya fi fitowa fili a ɓoyayyiyar hanyar babi na biyu, wadda masu wasa suke kira Snowgrave. A nan mai wasa yakan yi amfani da bakin Kris ya tilasta wa Noelle, yarinya mai sanyin hali da tsoro, ta riƙa daskarar da duk abokin gabar da suka tarar. Yakan matsa mata har a karɓo wani zobe mai ƙaya daga Spamton, daga ƙarshe kuma ya sa ta daskarar da ɗan ajinsu Berdly, wanda ba ya farkawa bayan an koma duniyar haske. Noelle takan yi gardama, takan nemi a bari, mai wasa kuwa sai ya maimaita umurni sau da dama kafin ta bi. Wannan maimaitawa ita ce gwanintar wurin, domin ba wanda zai faɗa wannan hanya bisa kuskure, kuma ba wanda zai fito daga cikinta ya ce bai san abin da yake yi ba. Abin lura shi ne, reshe mafi girma da labarin ya yi a duk babi huɗun nan, reshen zalunci ne.

Duk da haka akwai rauni. Yawancin zaɓin da ake bai wa mai wasa a cikin hira ba sa sauya komai sai jimla ɗaya ko biyu ta amsa. Yafe wa abokan gaba, daga babi na biyu zuwa gaba, yana sa su ƙaura zuwa garin Ralsei su zauna, wanda aka doke da ƙarfi kuwa an rasa shi, amma wannan ya fi kama da tara kayan ado fiye da sauya alƙiblar labari. Haka nan babi na uku kusan bai nuna cewa ya san abin da aka yi wa Noelle ba, sai a babi na huɗu maganar ta dawo a gidansu. Mai wasan da ya jira daga 2021 zuwa 2025 yana da hujjar ƙorafi a nan.

4.2 Kiɗa da Tsarin Faɗa

Faɗa a wannan wasa bi da bi ake yin sa. Idan mai wasa ya zaɓi duka, kowane tauraro yakan sami layinsa a ƙasan allo, wata 'yar sanda ta taso daga dama tana tafiya hagu, sai a danna maɓalli daidai lokacin da ta shiga akwatinta. Gwargwadon dacewar dannawa, gwargwadon ƙarfin bugu. Da yake sandunan Kris da Susie da Ralsei ba lallai su iso tare ba, yatsa yakan kama wani ɗan kari, kamar na mai tafi. Idan kuma juyi ya koma ga abokin gaba, sai a tsare kurwar cikin wani akwati ana yi mata ruwan harsasai, mai wasa yana kaucewa. Wanda ya iya gogar harsashi ba tare da ya taɓa shi ba yakan tara ƙarfin da ake kashewa wajen yin tsafi ko warkarwa.

A nan ne za a yi wa wasan babbar suka. Tafiyar sandunan nan ba ta ɗaure da bugun kiɗan da ake ji ba. Ido ne yake aiki, kunne kuwa ɗan rakiya ne, har mutum yana iya kashe sauti ya yi bugu mai kyau. Wannan ya saɓa wa Mother 3, wasan Japan na 2006, inda ake danna maɓalli bisa bugun kiɗan faɗa har a jera duka goma sha shida, kuma kowane kiɗa da irin wuyarsa. Ko a fagen dambe an san cewa taken da makaɗi yake yi shi ne yake motsa ɗan wasa har jikinsa ya ɗauki tsuma. Abin mamaki ne a ce mawallafin da ƙarfinsa yake ga kiɗa, wanda ya iya ɗaukar karin waƙar rufe babi na ɗaya ya riƙa saƙa shi cikin sauran kaɗe-kaɗen tamkar amshi, ya bar bugu da kiɗa kowa yana tafiyarsa.

Har ila yau, akwai wani karo tsakanin tsarin faɗa da jigo. Wasan yana kwaɗaitar da yafiya, Ralsei ma tun farko wa'azinsa ke nan, amma wanda ya bi wannan shawara da wuya ya taɓa sandunan dukan. Wato fasahar da aka fi alaƙantawa da kari an ajiye ta ne ga mai son zubar da jini. Mai yafiya rawarsa tana wajen kauciya, kamar a faɗan Jevil, ɓoyayyen abokin gaba na babi na ɗaya, inda fage yake juyawa kamar lilo har sai jiki ya haddace zuwan harsasai.

Inda kiɗa ya sami cikakken matsayinsa wurare ne ƙalilan. A babi na biyu ana cin galabar makaɗan nan uku, Sweet da Cap'n da K_K, ta hanyar sa su rawa gaba ɗaya. A babi na uku kuwa Tenna, wanda a zahiri tsohuwar talabijin ɗin gidan su Kris ce da aka daina kallo bayan rabuwar Toriel da Asgore, yakan ɗora taurarin a kan dandamali, Kris da jita, Susie da ganguna, Ralsei da waƙa, mai wasa yana danna maɓalli bisa kari na gaskiya. Wannan fage ya dace da halin Tenna, mai tsoron kada a sake juya masa baya, wanda saboda haka yake ta ƙirƙiro wasanni don ya riƙe baƙinsa. Amma gasa ce ta gefe, da an gama ta sai a koma ga tsoffin sanduna.

4.3 Matsalar Rashin Kammaluwa

Mawallafin ya ce asalin wasan mafarkin ƙarshen wani labari ne da ya yi a 2011 yana fama da zazzaɓi, kuma tun daga nan yake neman hanyar isa gare shi. Ke nan duk ginin yana jingine ne da abin da babi huɗun nan ba su nuna ba. Babi na huɗu, wanda Duniyar Duhunsa ta buɗe a cikin coci, ya ƙara ɗaure wannan ƙulli, domin ya bayyana cewa akwai wani rubutaccen annabci da ya riga ya tsara makomar taurarin, har Susie ta farfasa ɓangarensa na ƙarshe da hannunta bayan ta gani, ba tare da an nuna wa mai wasa abin da ke ciki ba. Tsohon marubucin nan Gerson, wanda ya mutu ya bar littafinsa bai kammala ba, shi ne yake koya mata cewa labari yana iya sauyawa a hannun wanda ya gaje shi. Idan ƙarshe ɗaya ne kamar yadda aka faɗa a 2018, to akwai aiki a gaban mawallafin na ya sa wanda ya kare Noelle da wanda ya azabtar da ita su isa wuri guda ba tare da an mai da wahalarta wasa ba.