Ƙarambau da 'Yan Ƙwayoyin Sukari: Mu Duba Takardar Nan da Idon Basira

Duk shekara idan hunturu ya ja baya, zafi ya fara kankama, wajejen Fabrairu zuwa Afrilu, mun san baƙon da ke shigo mana Sabo. Ƙarambau ne, wanda wasunmu ke kira farankama. Yaro ɗaya zai kwaso shi a makarantar allo ko ta boko, kafin mako uku gidan haya mai ɗaki goma ya ɗauka, don kuwa tsakar gida ɗaya ce, tabarma ɗaya ce, yaran kuma ba a raba su. Bana sai ga shi ya zo da 'yar rakiya, wato wata takarda da ake ta turawa a WhatsApp, har da muryar wata baiwar Allah tana karanta ta da Hausa. Takardar tana koya wa iyaye mata yadda za su yi jinyar yaro a gida da maganin da ake kira homiyofati, waɗansu 'yan fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero a cikin ƙananan kwalabe. Mun karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma muna ganin ya kamata a yi magana a kanta tun kafin ta zama abin dogaro a gidajenmu.

Bari mu fara da ba ta haƙƙinta. Inda ta ce a yanke wa yaro farce don kada ya sosa, gaskiya ta faɗa. Inda ta ce a riƙa ba shi ruwa akai-akai, a sa masa tufa mara nauyi, a bar shi ya huta, a hana shi zuwa makaranta har ƙurajen su bushe, duk babu likitan da zai musa. An kuma rubuta ta da lafazi mai taushi, irin wanda ke kwantar wa uwa da hankali, abin da ba kullum ake samu ba a layin asibiti. Wannan taushin ne ma ya sa ta shiga zukata. Sai dai duk waɗannan shawarwari kakanninmu sun san su, kuma ba sa cin ko kwabo. Abin da takardar ta zo sayarwa shi ne ƙwayoyin: Rhus tox wai don ƙaiƙayi, Belladonna wai don zazzaɓi da jan fuska, Pulsatilla wai don yaro mai rigima da son a goya shi. A nan ne muka rabu da ita.

Da yawa daga cikin masu saye suna zaton homiyofati wani nau'in maganin gargajiya ne, kamar sassaƙe da saiwoyin da muka sani, ko agbon maƙwabtanmu Yarbawa. To, ba haka abin yake ba. Wani likita Bajamushe mai suna Samuel Hahnemann ne ya ƙirƙiro shi, ya fara bayyana ra'ayinsa a 1796. Ya gina shi a kan ginshiƙi biyu. Na farko, wai abin da ke jawo wa mai lafiya wata alama, shi zai warkar da mara lafiyan da ke da irin wannan alamar. Shi ya sa aka zaɓi Rhus tox, don an samo shi daga wani tsiro na Amurka da ke sa fata ƙaiƙayi da ɗurar ruwa idan an taɓa shi. Na biyu, wai gwargwadon yadda aka tsinka magani da ruwa ana girgizawa, gwargwadon ƙarfinsa. A zamanin Hahnemann likitocin Turai suna tsaga jijiya su zubar wa mara lafiya da jini mai yawa, suna ɗura masa magunguna masu dafi, don haka wanda aka ba ruwa zalla aka ƙyale shi ya huta yakan fi samun sauƙi. Daga nan sunan abin ya tashi, ya bazu har Indiya, inda ya samu gindin zama har yau.

Yanzu mu dubi kwalbar da kanta. Za ku ga an rubuta 30C a jikinta. Ma'anarsa, an ɗauki ɗigo ɗaya na asalin maganin an zuba a ɗigo 99 na ruwa ko barasa, an girgiza, an ɗebi ɗigo ɗaya daga wannan an sake zubawa a wani ɗigo 99, haka har sau 30. Mu 'yan kasuwa ne, lissafi bai gagare mu ba. A karo na 3, ɗigo ɗaya ne cikin miliyan. A karo na 6, daidai yake da ɗigo ɗaya cikin tankar ruwa 5,000, kowace mai cin lita 10,000. Daga karo na 12 kuwa, masana sinadarai sun tabbatar da cewa da wuya a samu ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin maganin, ga shi kuma saura karo 18 a gaba. Wannan ruwan ne ake ɗiga wa 'yan dunƙulen sukari, a bushe, a zuba a kwalba. Idan mai shayi ya yi mana haka da madara, ba za mu sake zama a bencinsa ba.

Wani zai ce ai lissafi daban, aiki daban, a gwada a gani. An gwada kuwa. A 2010 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki lamarin, ya ce ƙwayoyin ba su fi ƙwayar banza aiki ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta ce babu wata cuta ko ɗaya da aka samu ingantacciyar hujja cewa homiyofati na warkar da ita. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi. Takardar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Iƙirarin da ta yi cewa ba ya da illa ko kaɗan, shi ma da gyara. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye kan ƙwayoyin homiyofati na haƙoran jarirai, daga baya gwajinta ya nuna cewa adadin dafin Belladonna da ke cikinsu ba daidai yake ba, wani lokaci ya zarce abin da aka rubuta. Wato idan an tsinka shi yadda aka ce, babu magani a ciki, idan kuma an yi sakaci wajen haɗawa, ana iya samun guba.

To me ya sa wasu iyaye ke rantsuwa cewa sun ga aikinsa? Ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani suka faɗa. Ƙarambau ƙwayar cuta ce ta bairas, tana ɓuya a jiki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana. Ƙurajen sukan fito, su ɗuri ruwa, su fashe, su yi ɓawo cikin kamar mako guda, kuma mafi yawan yara masu ƙoshin lafiya jikinsu ne ke gamawa da ita. Uwa takan nemi magani ne a rana ta biyu ko ta uku, lokacin da abin ya fi tsanani. Ta ba shi ƙwayar, bayan kwana uku ya samu sauƙi, sai a ce maganin Indiya ya yi. Da ba a ba shi komai ba, ranar da zai warke ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da mun ce kowa da aljihunsa. Babban laifin takardar yana cikin abin da ta yi shiru a kai. Ba ta gaya wa uwa cewa kada a ba yaro mai ƙarambau asfirin ba, alhali yana iya jawo wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira ciwon Reye. Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai a nan ƙasar Yarbawa, don garin Alabukun da ke kan kowane tebur akwai asfirin a cikinsa, kuma akwai gidajen da ake gutsura wa yaro. Ba ta ce a guji ibuprofen ba, wanda likitoci ke hanawa a wannan ciwo saboda yana da alaƙa da ruɓewar fata mai tsanani. Farasitamol shi ne na zazzaɓi, a kan ma'aunin da ya dace da shekarun yaro.

Haka kuma ba ta ce uffan ba game da mutanen da ƙarambau ke iya kaiwa kabari. Mace mai ciki da ba ta taɓa yi ba, idan ta kamu yana iya taɓa huhunta, yana iya nakasa ɗan da ke cikin idan cikin bai wuce mako 20 ba, yana kuma da haɗari ƙwarai ga jariri idan ya fito wa uwar dab da haihuwa. Akwai jarirai sabbin haihuwa, da yaran da tamowa ta raunana, da masu ƙanjamau, da masu shan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki. Manya ma ya fi wahalar da su, kuma a ƙasashe masu zafi irin namu akwai manya da yawa da ba su yi shi suna yara ba. Irin waɗannan akwai maganin asibiti mai suna acyclovir da likita kan ba su, kuma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. Duk ranar da aka ɓata ana jiran ƙwayar sukari ta yi aiki, an rage wa wannan magani amfani. A gidan da amarya mai ciki da mai jego da yaro mai ƙarambau ke shan ruwa a randa ɗaya, wannan shirun ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma iƙirarin da ya fi ba mu tsoro, cewa akwai ƙwayar da za a ba sauran yaran gida ta zama rigakafi. Babu hujjar wannan. Allurar rigakafin ƙarambau ta gaskiya tana nan, wani masani ɗan Japan, Michiaki Takahashi, ya samar da ita a 1974, Amurka ta fara amfani da ita a 1995. Ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a Najeriya, sai a asibitocin kuɗi. Wanda ya yarda cewa sukari na kare yaro daga ƙarambau, gobe zai yarda yana kare shi daga ƙyanda, ya ƙi kai shi allurar wata tara. Ƙyanda kuwa ba ta wasa.

Akwai kuma tambayar da takardar ba ta yi ba sam: wa ya tabbatar ƙarambau ne? Tun 2017 da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Bayelsa, ta bazu zuwa jihohi da dama, ƙurajenta kuma suna kama da na ƙarambau ga idon da bai saba ba. Ita takan zo da kumburin kaluluwa, ƙurajen su yi tauri, su fito har tafin hannu da tafin ƙafa. Zazzaɓin ma yana iya zama na cizon sauro da ya haɗu da ƙurajen. Ma'aikacin lafiya ne zai rarrabe, hoton waya ba zai iya ba.

Kada kuma a ce mun tsane wa baƙon magani mun bar na gida. Shafa wa yaro toka ko man bilicin a kan ƙuraje, da hana shi wanka har mako guda, da ɗura masa ampiclox daga kemis ba tare da likita ya gani ba, duk ba su da amfani, wasu ma suna ƙara ciwo. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa bairas. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi yana rage ƙaiƙayi, a tsane jiki a hankali ba tare da gurzawa ba, a shafa kalamin, wannan farin ruwan da kowane kemis ke da shi.

Ga alamomin da ya kamata kowace uwa da kowane malamin tsangaya su haddace. Idan zazzaɓi ya wuce kwana huɗu, ko ya sauka ya dawo da ƙarfi. Idan gefen ƙurji ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi ko ya fara fitar da mugunya. Idan numfashi ya yi sama-sama ko tari ya tsananta. Idan yaro ya cika barci ba ya farkawa da sauƙi, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana tangaɗi, ko ya yi jijjiga. Idan ya ƙi shan komai, fitsari ya ɗauke, ko ƙurji ya fito a ido. Duk wanda aka gani cikin waɗannan, a bar komai a nufi asibiti. UCH ba ta da nisa da mu, ga asibitin Adeoyo a Yemetu, ga cibiyoyin lafiya na unguwa. A sanar da ma'aikata tun daga ƙofa cewa yaron yana da ƙuraje, don kada a zaunar da shi kusa da masu ciki.

Muna kira ga 'yan'uwanmu masu kemis da masu kawo kaya daga waje su ji tsoron Allah a kan abin da suke miƙa wa uwar da hankalinta ya tashi. Limamanmu da malaman Islamiyya, ku sa wannan a cikin nasiha, don maganarku ta fi tamu isa cikin gidaje. Malaman allo, almajirin da ƙuraje suka fito wa a ware masa wurin kwana har su bushe, a kuma duba shi safe da yamma, tunda uwarsa tana Arewa. Iyaye mata kuwa, idan muryar nan ta sake shigowa wayarku, kada ku tura ta gaba. Ku riƙe shawarar farce da ruwa da hutu, kuɗin ƙwayar kuma ku saya wa yaron lemo da farasitamol, ku ajiye canjin don kuɗin mota idan ta kama a je asibiti. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a, amin.