Jinjina ga Maginan Ganuwar Imdina

Duk baƙon da ya hau tudun Imdina, tsohon babban birnin tsibirin Malta, ganuwa yake fara yabawa, sai kuma babbar ƙofar da aka gina a 1724. A ganina maginan da ke ɗinke ganuwar nan su suka fi cancantar yabon. Dutsen da aka gina garin da shi mai laushi ne, gishirin iskar teku na cin sa sannu a hankali. Babbar matsalar ma a ƙasa take, domin wani sashe na ganuwar yana zaune ne a kan yumɓu mai zamewa, har bango ya soma tsagewa. Gyaran da aka yi tsakanin 2008 da 2016, da tallafin Tarayyar Turai, sai da ya kai ga ƙarfafa tushe a ƙarƙashin ƙasa, inda mai ɗaukar hoto ba zai taɓa leƙawa ba.

Akwai masu cewa sabon dutse yana rage wa tarihi daraja, wai don 'yan yawon buɗe ido ake yi wa garin kwalliya. Ƙorafin ba banza ba ne, tunda mazaunan ba su kai 300 ba. Amma dama da gyara Imdina ta rayu. Girgizar ƙasar 1693 ta lalata babbar majami'arta, Lorenzo Gafà ya sake gina ta, ga shi yau ba mai kiranta jabu. Maginan yanzu wannan aikin suka gada, kuma sun riƙe shi da amana.