Shafin da Aka Bari Fari a Littattafan Haɗin Gwiwa na Fasahar Wasiƙa

Fasahar wasiƙa al'ada ce da masu zane da marubuta suka ɗauka tun wajejen 1960, inda suke aika wa juna ayyukansu ta gidan waya maimakon kai su ɗakunan baje koli ko hannun dillalai, har ambulan da kan sarki da hatimin ma'aikacin gidan waya suka zama ɓangaren aikin. Ana yawan danganta tushenta da Ray Johnson (1927–1995), ɗan Amurka mazaunin Niyok, wanda yakan aika wa mutane zanen da bai kammala ba tare da roƙon su ƙara wani abu su mayar masa. Da da'irar ta faɗaɗa sai mahalartanta suka amince da wasu ƙa'idoji, wato babu alƙalan tantancewa, babu kuɗin shiga, ba a mayar wa kowa aikinsa, kuma duk wanda ya aiko da wani abu za a aika masa bayanin abin da aka tara.

Littattafan da wannan al'ada ta haifar iri biyu ne. Akwai wanda ke yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya ƙara nasa ya tura gaba, akwai kuma na tari, wanda mujallar Assembling da Richard Kostelanetz da Henry Korn suka fara a 1970 ta fi yin suna da shi: kowane mahalarci yana buga shafukansa da kuɗinsa har kwafi 1,000, ya aiko, masu shiryawa su jera su bisa haruffan sunaye su ɗinke. Tsarin ya yi kama da adashi, domin kowa yana zubi kuma kowa yana da kwasa. Galibin irin waɗannan littattafai cike suke maƙil da hatimai da yankakkun hotunan jarida da rubutun hannu, kamar yadda ake gani a Brain Cell, takardar da Ryosuke Cohen ke fitarwa daga Japan tun 1985, wadda da kyar ake samun wurin ɗora yatsa a cikinta ba a taɓa tawada ba. A cikin wannan cunkoso ne wasu suka zaɓi salon taƙaitawa, wato rage aiki zuwa mafi ƙarancin abin da zai iya tsayuwa da kansa, kamar layi ɗaya ko ɗigo ɗaya ko kalma ɗaya a tsakiyar farar takarda, wani lokaci ma takardar zalla.

Salon ya girmi fasahar wasiƙa. Robert Rauschenberg ya yi fararen allunansa a 1951, John Cage ya gabatar da kiɗansa na shiru mai tsawon minti 4 da daƙiƙa 33 a 1952, kuma dukansu sun zauna a kwalejin Black Mountain inda Johnson ya yi karatu. Shi kansa Johnson ya riƙa shirya taruka da yake kira "ba komai", inda mutane ke hallara ba tare da an nuna musu wani abin a zo a gani ba. Ulises Carrión, ɗan Meziko da ya zauna a Amsterdam ta ƙasar Holan, ya kawo tunanin cikin harkar littafi a maƙalarsa ta 1975, inda ya ɗauki littafi a matsayin jerin filaye da mai karatu ke ratsawa ɗaya bayan ɗaya, kowane fili da lokacinsa.

Sai dai farin shafi a littafin mutum ɗaya daban yake da farin shafi a littafin mutum hamsin, kuma nan ne batun ya fi bukatar a tsaya a kansa. Mawallafi guda yana da iko da abin da ya gabaci shafin da abin da ya biyo shi, don haka shirun nasa ne, shi ya auna tsawonsa. A littafin tari kuwa, wanda ya aiko da farar takarda bai san maƙwabtansa ba, tunda harafin farko na sunansa ne ya zaɓa masa su. Idan shafin ya faɗo tsakanin ayyuka biyu masu hayaniya, sai ya zama wurin da ido ke hutawa har mai karatu ya ƙara ganin na kusa da shi da kyau. Idan kuma ya faɗo bayan wani shafi mara ƙarfi, ana iya ɗaukarsa kuskuren maɗaba'a a wuce. Ita ma takardar ba ta isa inda za ta da farinta na asali. Wanda ya ɗaga irin wannan shafi zuwa haske zai ga tawadar hatimin bayansa ta naso a juye, ga layin ninki da ambulan ya bari a tsakiya, ga tsatsar ƙarfen ɗinki a gefe, ga dattin yatsun waɗanda suka riƙe shi a hanya.

A littafin da ke yawo, nauyin ya koma kan mai karɓa. Filin da aka bar masa gayyata ce, amma kuma amana ce, domin yana da damar cika shi baki ɗaya ya hana na bayansa, ko ya ɗora alama ƙarama a kusurwa ya bar saura. Ladabin rage hannu don wani baƙo da ba a taɓa gani ba ya samu wuri, shi ne mafi darajar abin da salon taƙaitawa ya kawo cikin wannan al'ada, kuma ya fi duk wani bayani na falsafa da ake jingina masa nauyi.

A ƙasashen da hukuma ke buɗe wasiƙun mutane, rashin faɗin komai ya ɗauki wata ma'ana mai kaifi. Endre Tót, ɗan ƙasar Hungari, ya ajiye burushi a farkon shekarun 1970, ya fitar da ɗan littafi a 1971 mai ɗauke da siffofin allunan da bai zana komai a kansu ba, sannan ya riƙa aika wasiƙu da katuna ƙasashen waje cike da sifiri da aka buga da keken rubutu. Jami'in da ya buɗe irin wannan wasiƙa ba shi da jumlar da zai kafa hujja da ita, alhali wanda aka aika wa ya gane halin da marubucin ke ciki. Haɗarin kuwa na gaske ne a wancan zamani, domin a Yurugwai an ɗaure masu fasahar wasiƙa Clemente Padín da Jorge Caraballo a 1977 saboda ayyukansu na adawa da mulkin soja.

Raunin salon yana fitowa ne daga ƙa'idar rashin tantancewa, tunda mai shiryawa ba shi da hurumin ƙin karɓar farar takarda ko da kasala ce ta kawo ta, kuma wanda ya aiko ta zai karɓi cikakken littafi daidai da wanda ya kwana yana yankan hatimi. Sukar tana da tushe, amma dawo da alƙalai zai rushe ginshiƙin al'adar. Mujallar Commonpress, wadda Paweł Petasz ya kafa a ƙasar Folan a 1977, ta bi wata hanya ta daban: a zamanin da ake buga ta, kowace fitowa tana da sabon edita daga cikin mahalarta, shi ke zaɓen jigo da girman takarda, ta yadda ko shafin da ba a rubuta komai a kansa ba ana karanta shi a matsayin amsa ga tambayar da editan ya yi.