Tsohuwar Bindiga Mai Harbi Ɗaya da Hannun Maƙerin Adar

A ƙasar Adar, daga Tawa zuwa Keita, Buza da Madawa, tsohuwar bindiga tana rayuwa ne gwargwadon yadda maƙeri ya iya gyara ta. Wadda ya fahimci cikinta, maharbi kuma ya iya samar mata abin ɗurawa, ita ce uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Wadda ta gagari maƙera kuwa, komin sunan masana'antar da ta ƙera ta, tuni tsatsa ta cinye ta a bayan rumbu.

Ba haka kawai bindigar toka ta zama bindigar talaka ba. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogi na zamani, amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Tun kafin nan ma Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. Wato ilimin bindiga bai jira Nasara ba. Adar kuma ƙasar tama ce. Nicole Echard, Bafaransiyar da ta daɗe tana bincike a can, ta ɗauki fim a kan yadda maƙeran yankin ke narka tama, aka fitar da shi a 1968. Gidan da ya gaji fitar da ƙarfe daga dutse ba zai ji tsoron kunamar bindiga ba. A ƙauyukan Ibohaman da makwabtansu, hauya da lauje da gatari su ne abincin maƙeri, gyaran bindiga kuwa aikin gefe ne da ake kawowa idan an gama girbi, maharba sun fara tunanin zabo da zomo.

Daga baya wasu masu harbi ɗaya sun shigo. Akwai bindigar sojan Faransa ta 1874 da ake kira Gras, wadda aka mayar da da yawa daga cikinta ta farauta bayan soja sun daina amfani da ita, da kuma Simplex ta kamfanin Manufrance. Waɗannan harsashinsu yana da ɗan maɓalli a tsakiyar gindi, wurin da allura ke bugawa. Idan an harba, ana iya ajiye kwanson, a sake masa maɓalli, a sake ɗura shi.

Akwai kuma wani dangin, wanda masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suke ji da shi. Wani maƙerin bindiga na birnin Paris, Louis-Nicolas Flobert, shi ya fito da harsashinsa a 1845. Sinadarin da ke tayar da wuta ba a tsakiya yake ba, an zuba shi ne cikin leɓen gindin kwanso, allura ta matse leɓen, wuta ta tashi. Kamfanin Smith & Wesson ya inganta shi a 1857, a 1887 kuma kamfanin Stevens ya fitar da .22 Long Rifle da har yau ake sayarwa ko'ina a duniya. Na wannan dangin bindigogi ne marasa nauyi, masu araha, da yaran manoman Amurka suka koyi harbi da su. Ga maharbin Adar dai suna da aibi babba: leɓen da allura ta murƙushe ya gama aiki, ba yadda mutumin ƙauye zai sake ɗura kwanson. Ranar da harsashi ya yanke a kasuwa, bindiga ta zama sanda. Bindigar toka ba ta da wannan larura, shi ya sa ta fi ta nisan kwana a nan, ko da yake ba ta kai ta saiti ba.

Duk da bambancin, ciwon tsofaffin bindigogin nan iri ɗaya ne, kuma daga cikin bututu yake farawa. Baƙin albarushi yana barin dauɗa mai jan laima. Harsasan leɓe na dā ma, kafin ƙarshen shekarun 1920, sinadarinsu yana barin gishirin da ke cin ƙarfe, shi ya sa da wuya a sami tsohuwar .22 da cikinta bai yi ramuka ba. Mai kaɗai ba ya wanke wannan gishiri; ruwan zafi ke narka shi, sannan a busar sarai, sannan a shafa mai kaɗan. Maharbin da ya dawo a gajiye ya jingine bindiga ya ce sai gobe, ya riga ya fara kashe ta. Sanyin hunturu yana ruɗin mutane, don iskar ta bushe, tsatsa ba ta nunawa. Damina ce ke tona asiri. Ƙurar hunturun kuma idan ta haɗu da man da aka malala, sai ta zama abin da ke goge ƙarfe a hankali duk lokacin da aka ɗana.

Masu harsashin leɓe suna da wata cuta tasu. Idan aka ja kunama babu harsashi, allura tana dukan bakin ɗakin harsashin, ta lotsa shi. Bayan ɗan lokaci kwanso ya riƙa maƙalewa, ko bindiga ta riƙa ƙin tashi. Gwani ba ya goge wurin da magagari, don ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Mayar da shi mazauninsa yake yi a hankali.

Inda ake gane maƙerin ƙwarai shi ne sifirin ɗin kunama. Ƙera siffarsa ba wuya, ba shi ruwa shi ne aikin. Ya yi tauri da yawa ya karye, ya yi laushi ya kasa bugu. Ba agogo ba ma'aunin zafi, launin ƙarfen a cikin gawayi kawai ake karantawa, kuma ido ne da ake samu bayan shekaru a gindin zugazugi. Sai ƙota, wadda zafin Afirilu ke busarwa har ta tsage a wuya. Ana ɗaure ta da waya ko ɗanyar fata, fatar ta bushe ta matse tsagar.

A nan al'adu biyu na gyara suke rabuwa. Mai tara kayan tarihi yana ganin laifi ne a kankare launin tsufa daga jikin ƙarfe, ko a sauya ƙusa ta asali. Maharbi shi kuwa tashi yake so ta yi. Na fi karkata ga maharbi, domin ɗaurin fatar nan da facin tagulla su ma tarihi ne, tarihinmu, kuma sun fi hatimin masana'anta ba da labarin hannuwan da bindigar ta bi. Amma akwai gyaran da ba zan kare ba. Sa bututun famfo a madadin bututun bindiga, ko toshe tsaga da walda, ko ɗura albarushin zamani a bindigar da aka yi don baƙin albarushi, duk hanyoyi ne na rasa yatsu da ido. Maƙerin kirki yana da ranar da zai dubi mai bindiga ya ce, “Baba, wannan ta gama, a rataye ta.” Wanda bai iya faɗin haka ba, bai gama koyon sana'ar ba.

Yau sana'ar tana cikin tsaka mai wuya. An rufe farauta a Nijar a shekarun 1970, aka daɗe kafin a sake buɗewa, kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998 ta ɗaure ta da izini da lokaci. Tun 1994 akwai hukumar da ke tattara haramtattun makamai. Bayan rushewar Libiya a 2011 da kisan Tiliya na Maris 2021, inda aka kashe mutum 137, ba mai hankalin da zai ce hukuma ta kau da kai daga harkar bindiga. Sai dai ba da bindigar toka aka yi wannan ta'asa ba. Idan aka haɗa dattijon da ke gyara sifirin da mai ƙera wa ɓarayi makami a ma'auni ɗaya, dattijon zai daina koya wa ɗansa, mai ɓarnar kuma ya ci gaba a ɓoye.

Abin da ya fi dacewa shi ne a san masu gyaran, a yi musu rajista ta hannun sarakunan maƙera da hakimai, kada su taɓa bindigar da ba ta da takarda. Waɗanda suka tsufa har ba su harbuwa kuma, kada a haɗa su da sauran makamai a ƙone. A kai wasu gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, a rubuta garin da kowace ta fito, da gidan maƙeran da suka yi ta gyara ta, tun masu iya bayanin suna da rai.